Kawaicin Shugaba da Ɓoyayyar Soyayya a Wasannin Talabijin na Ƙagen Kimiyya, 1964 zuwa 2023

Gabatarwa

Masu nazarin wasannin talabijin na ƙagen kimiyya sun saba kallonsu ta fuskar na'urori da siyasa, watau yadda suke kintatar makomar ɗan Adam, ko kuwa yadda suke yi wa manyan ƙasashen zamaninsu hannunka-mai-sanda. Wannan takarda ba can ta dosa ba. Abin da za ta bi diddiginsa shi ne wani irin tauraro da ya yi ta sake bayyana a cikin waɗannan wasanni a Amurka tun daga 1964: shugaba mai kawaici, wanda rayukan ɗaruruwan mutane ke wuyansa, yana son wani na kusa da shi, amma ya ƙudurta a ransa ba zai furta ba. Me ya sa aka gina shi haka? Me ya sa kuma, shekara da shekaru, ba a jin abin da ke cikinsa sai an kawo wata cuta, ko na'ura, ko wata halitta mai karanta zuciya?

Amsar da zan yi ƙoƙarin kafawa ita ce, wannan hali yana da saiwa biyu. Ɗaya ta adabi ce, wadda ta taso daga labaran kyaftin-kyaftin na jiragen ruwan Ingila. Ɗayar kuwa ta kasuwa ce, watau yadda ake sayar da shirin talabijin a Amurka a wancan lokaci. Ta farkon ce ta ba shugaban dalilin yin shiru, ta biyun kuma ta hana shirun nan jawo masa wata asara mai ɗorewa. Da kasuwar ta sauya, sai aka fara bin sa bashin shirun da ya yi.

Na zaɓi kalmar kawaici da gangan. Kunya abu ne da mutum ke ji ko yana so ko ba ya so. Zurfin ciki kuwa hali ne, mai shi ba ya faɗin damuwarsa ko ga wa. Amma kawaici mutum ne ya gani, ya sani, yana da bakin magana, sa'an nan ya kau da kai don girman matsayinsa ko don kada ya ɓata wani abin da ya fi maganar muhimmanci. Shugabannin da za mu duba yawancinsu masu kawaici ne, ko da yake a wajen ƙarshe za mu ga yadda marubuta suka nemi su mai da kawaicin ɗaya daga cikinsu ya koma zurfin ciki.

Daga teku zuwa sararin samaniya

A 1937 marubucin Ingila C. S. Forester ya fitar da littafinsa na farko a kan Horatio Hornblower, kyaftin na jirgin ruwan yaƙi a zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon. Hornblower mutum ne mai yawan shakkar kansa, amma ya ɗauka cewa ranar da mutanensa suka gane haka, ranar jirgi ya baci. Saboda haka ya koya wa kansa gajerta magana, har ya zama in mataimakinsa ya nemi jan sa da hira, sai ya yi gyaran murya kurum ya juya. A cikin littafin nan ne dole ta sa ya ɗauki wata mace 'yar manyan gida, Lady Barbara Wellesley, a jirginsa daga gaɓar Amurka ta Tsakiya zuwa gida. Yana da mata a Ingila. Ya kamu da son baƙuwar, ita ma haka, amma da lokacin magana ya zo sai ya ja da baya. Duk abin da za mu gani a gaba yana nan cikin wannan labari: jirgi, da kaɗaicin mai ba da umarni, da macen da ke kusa amma ta yi nisa.

Gene Roddenberry, wanda ya ƙago Star Trek, ya tuƙa jirgin saman yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi aiki da kamfanin Pan Am, sa'an nan ya yi ɗan sanda a Los Angeles kafin ya koma rubutu. A takardar da ya rubuta a 1964 don tallata shirin, shi da kansa ya kwatanta kyaftin ɗinsa da Hornblower. Ba a ɓoye gadon yake ba.

Abin mamaki shi ne, wadda aka fara tona wa asiri a tarihin Star Trek mace ce. A kashin gwaji na farko mai suna The Cage, wanda aka ɗauka a ƙarshen 1964, mataimakiyar Kyaftin Pike wata mace ce da ba a ko ba ta suna ba, ana kiranta Number One, watau Lamba Ɗaya, Majel Barrett ce ta fito a matsayinta. Ba ta dariya, ba ta fushi, aikinta kawai. Da mutanen duniyar Talos masu karanta zuciya suka kama su, sai shugabansu ya faɗa wa Pike a gabanta cewa sanyin nan nata yawancinsa shigar burtu ce, domin tana yawan tunaninsa a ɓoye. Ba ta ce ƙala ba. Gidan talabijin na NBC ya ƙi wannan kashi a 1965, ba a kuma nuna shi cikakke a talabijin ba sai 1988. Da aka sake shiri, an cire Lamba Ɗaya, aka ɗauki halinta na rashin nuna motsin zuciya aka ɗora wa Spock.

Shirin ya fara fita ran 8 ga Satumba 1966, kuma ba a yi wata guda ba aka koma ga wannan dabara. A kashin The Naked Time wata cuta ta shiga jirgin Enterprise, wadda ke sa mutum ya zama kamar ya sha ya bugu, duk abin da ke ransa ya fito. Ma'aikaciyar jinya Chapel ta riƙe hannun Spock ta ce tana son sa. Spock ya kulle kansa a ɗaki yana kuka. Kyaftin Kirk kuwa, wanda mutum 430 ke ƙarƙashinsa, ya yi ta kokawa cewa jirgin nan ya cinye rayuwarsa kamar mace mai kishi, kuma yana lura da akawunsa Janice Rand, amma kyaftin ba shi da izinin lura. Likita ya gano magani, kowa ya koma bakin aikinsa, ba wanda ya sake ta da maganar. A Maris 1967 an maimaita wa Spock irin wannan a This Side of Paradise, wanda D. C. Fontana ta rubuta, inda ƙurar wani fure ta sake shi har ya furta wa Leila Kalomi soyayya, yana dariya yana lilo a reshen bishiya. Kirk ne ya tsokane shi da baƙaƙen maganganu don fushi ya kashe ƙarfin ƙurar, ya dawo da shi kan aiki.

Janice Rand ba ta daɗe ba. 'Yar wasan, Grace Lee Whitney, ta fito a kashi 8 kacal aka sallame ta, kuma ɗaya daga cikin dalilan da aka bayar shi ne ana so kyaftin ya zama ba shi da wata tsayayya a jirgi, don ya sami damar haɗuwa da sabuwar mace a kowace duniya. Wannan ne ya kai mu ga saiwa ta biyu.

Hukuncin kasuwa

A Amurka ta wancan zamani, kamfanin da ya shirya wasa ba ya cin riba sosai daga nunin farko. Ribar tana zuwa ne daga baya, sa'ad da aka tara kashi masu yawa aka sayar wa ƙananan gidajen talabijin na birane, su kuma su riƙa maimaitawa kullum da yamma. Su waɗannan gidaje ba su ɗaukar alkawarin nuna kashi bi da bi. Mai kallo yana iya ganin na 60 yau, gobe ya ga na 12. Don haka doka ta zama kowane kashi ya tsaya da ƙafarsa, kuma taurari su ƙare shi a daidai inda suka fara shi. Star Trek kansa shaida ne: NBC ta soke shi a 1969 bayan kashi 79, amma maimaitawar da aka yi ta yi a shekarun 1970 ita ta mai da shi abin da ya zama.

To, a irin wannan tsari soyayya matsala ce, domin ita ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ko ta ci gaba ko ta lalace, kuma ko wanne ya faru mai kallon gobe zai rikice. Amma kuma masu kallo suna son ta. A nan ne ƙagen kimiyya ya fi sauran wasanni sa'a. Marubucin wasan 'yan sanda ba shi da hanyar da zai sa jami'insa ya amayar da cikinsa sa'an nan a manta. Marubucin ƙagen kimiyya kuwa yana da cuta, da ƙurar fure, da na'ura, da mafarki, da sojan gona. Shugaba zai faɗi gaskiya, mai kallo zai ji, amma laifin ba nasa ba ne, na cutar ne. An ci naman, an kuma bar tukunya a rufe.

Picard da Crusher

Babu inda wannan al'amari ya fito sarai kamar a Star Trek: The Next Generation, wanda ya fara ran 28 ga Satumba 1987 ya ƙare a Mayu 1994, zango 7, kashi 178. Kamfanin Paramount bai bi ta kan manyan gidajen talabijin ba sam, kai tsaye ya sayar da shi ga ƙananan gidajen, saboda haka dokar da muka ambata ta ƙara ƙarfi. Kyaftin ɗin, Jean-Luc Picard, an ce Bafaranshe ne daga gidan manoman inabi a La Barre, amma wanda ya fito a matsayinsa Baturen Ingila ne, Patrick Stewart, wanda ya yi shekaru yana wasannin Shakespeare a kan dandamali. Roddenberry da farko bai so shi ba. Picard ya fi Kirk kama da Hornblower nesa ba kusa ba: ba ya shiga wasan kartar da hafsoshinsa ke yi, yara suna takura shi ko da yake jirginsa na ɗauke da mutum wajen 1,000 har da iyalai, kuma hutunsa littafi ne da kofin shayi.

Babbar likitar jirgin ita ce Beverly Crusher, wadda Gates McFadden ta fito a matsayinta. Tun kashin farko aka kafa tarihin da ke tsakaninsu. Mijinta Jack Crusher aminin Picard ne, ya mutu a bakin aiki a ƙarƙashin umarnin Picard a tsohon jirginsa Stargazer, kuma Picard ne ya kawo gawar gida ga matar da ɗansu Wesley. Wannan ya sa shirun Picard ya fi na Kirk nauyi. Kirk matsayi ne kawai ya hana shi. Picard kuwa har da amana, da kuma laifin da yake ɗora wa kansa.

Marubuta sun yi shekara shida suna zagaya maganar. Kashi na biyu, The Naked Now, a Oktoba 1987, cutar 1966 ce aka dawo da ita, likita ta nemi kyaftin, shi kuma yana ta kame-kame. A zango na biyu an cire McFadden gaba ɗaya aka kawo wata likita, sai a na uku ta dawo. A Allegiance na 1990 Picard ya gayyace ta cin abincin dare, ya yi rawa da ita, ya sumbace ta, sa'an nan ya buɗe mata ƙofa ta tafi; daga baya aka gane ba shi ba ne, wasu halittu ne suka sace shi suka ajiye mai kama da shi. A Remember Me, cikin shekarar nan dai, ta buɗe baki za ta faɗa masa abin da ta daɗe tana son faɗa, ta waiga ta ga kujerarsa wayam. Kullum dai a bakin ƙofa ake tsayawa.

Kafin mu zo kan kashin da ya fi muhimmanci, ya kamata a tsaya kan Lessons na Afrilu 1993, domin shi kaɗai ne ya gwada tambayar ba tare da wata dabara ba. Picard ya so wata hafsa mai suna Nella Daren, shugabar sashen taswirar taurari, kiɗa ne ya haɗa su, ita da fiyano shi da sarewa. Sarewar tana da tarihi: a The Inner Light na 1992 wata na'ura ta sa shi ya rayu rayuwar wani mutum ta shekaru da dama, da mata da 'ya'ya da jika, cikin minti 25 kacal, ya farka ba abin da ya rage masa sai sarewar. Daren ce ya buɗe wa cikinsa a kan wannan. Abin lura a nan shi ne, shi da bakinsa ya ce babu wata dokar rundunar Starfleet da ta hana kyaftin neman hafsar jirginsa. Ashe shingen shi ya gina wa kansa. Sai aiki ya kama ya tura ta wata duniya da guguwar wuta ta taso, ya kuma umarci tawagarta su tsaya a inda suke har a gama kwashe mutane. Ya ɗauka ta mutu. Ta tsira, amma ya gane ba zai iya sake ba ta irin wannan umarni ba, ita kuma ba za ta bar aikinta ba, sai ta nemi canjin jirgi. A ganina wannan ne kashin da ya fi yi wa kawaicin Picard adalci, domin ya nuna cewa ba tsoron mata ne ke damunsa ba. Wanda zai tura mutane inda za su iya mutuwa yana bukatar zuciyar da ba ta fifita ɗaya. Ko da yake, kada mu manta, tafiyar Daren ta yi wa kasuwa daidai: mako mai zuwa ba ta nan.

Ran 8 ga Nuwamba 1993 aka nuna Attached, wanda ma'anarsa ita ce "a manne". Nick Sagan, ɗan masanin taurari Carl Sagan, shi ya rubuta, Jonathan Frakes ya ba da umarni. Duniyar Kesprytt ta rabu gida biyu, Kes masu neman shiga Tarayyar Duniyoyi, da Prytt masu ƙin baƙi, kuma sun yi shekaru masu yawa ba su magana da juna. Prytt suka sace Picard da Crusher, suka dasa musu 'yar na'ura a ƙeya don su tatsi abin da ke ƙwaƙwalwarsu. Sun gudu, amma a hanya suka tarar na'urorin sun haɗa tunaninsu, kowa yana jin abin da ɗan'uwansa ke saƙawa, kuma in suka yi nisa da juna sai jiri da tashin zuciya su kama su.

Abin da ya sa kashin nan ya fi na baya shi ne ba da soyayya ya fara ba. Da ƙananan abubuwa ya fara. Sun iso mararraba, Picard ya nuna hanya da cikakken ƙarfin hali, sai likita ta ji a ransa cewa bai san hanyar ba, cinta kawai ya yi. Ta tambaye shi ko haka yake yi kullum. Ya amsa cewa akwai lokacin da dole kyaftin ya nuna ya tabbata ko bai tabbata ba. Hornblower ke nan tsaf. Sa'an nan suka gano cewa karin kumallo mai kayan alatu da suka saba ci tare kowace safiya, ba mai son sa a cikinsu. Kowa ya fi son gahawa da ɗan burodi, amma kowa ya yi shiru don kada ya ɓata wa ɗayan. Marubucin ya fahimci cewa kawaici ba a kan babbar magana kaɗai yake zama ba, yana bin mutum har kan tebur.

Da dare, a bakin wutar da suka hura, ta ambaci Jack, sai ta ji abin da ya taso a zuciyar Picard. Bai iya musu ba. Ya ce ya so ta tun tana matar amininsa, bai taɓa yin wani abu a kai ba, amma da Jack ya mutu sai ya ji kamar ya ci amanarsa, ya yi wa kansa alkawarin ba za ta taɓa sani ba. Shi ya sa bai so a kawo ta jirginsa ba tun farko. Ya ƙara da cewa a hankali abin ya gushe, shekara ashirin ba kwana ashirin ba ce. Mai kallo bai yarda ba, ita ma ba ta yarda ba, tun da tana jin mafarkinsa yana barci.

Ƙarshen kashin ne ya kamata a yi wa kallon tsanaki. An cire na'urorin, suna cin abinci a ɗakinsa, ba cuta ba dabara. A nan Picard, da hankalinsa da zaɓinsa, ya ce tun da yanzu sun san abin da ke zuciyar juna, watakila bai kamata su ji tsoron bin sa ba. Wannan ne karo na farko da ya yi mata irin wannan magana ba tare da an tilasta shi ba. Ita ce ta ja da baya, ta ce watakila tsoron shi ne daidai. Ta sumbace shi a kumatu ta fita, shi kuma ya hure kyandir. Ana iya karanta wannan ta hanya biyu. Ta fuskar labari, mace ce da ta riga ta binne miji ɗaya da ya mutu a bakin aiki, ba ta son ta sake. Ta fuskar kasuwa kuwa, an sauya wanda ya rufe ƙofar ne kawai, ƙofar dai dole ta rufu kafin mako mai zuwa. Ni ina ganin duka biyun gaskiya ne, kuma gwanintar kashin ita ce ya sa larurar kasuwa ta yi kama da halin mutum. Ba banza ba kuma aka ɗora labarin a kan Kes da Prytt, maƙwabta biyu da shiru ya mai da su abin dariya, kowa na zargin kowa.

Kashin ƙarshe na shirin, All Good Things, a Mayu 1994, ya sake wata dabarar: an nuna wata makoma da mai yiwuwa ce, inda suka yi aure suka rabu, tana kyaftin na jirgin asibiti tana kuma amfani da sunansa. Aka ba masu kallo auren da sakin a dare ɗaya, sa'an nan aka shafe. Fina-finai huɗu da suka biyo baya, daga 1994 zuwa 2002, kusan ba su waiwayi maganar ba.

Sa'ad da kasuwa ta sauya

Star Trek: Voyager, wanda ya fara a 1995, ya ɗora mace a kujerar, Kyaftin Kathryn Janeway, jirginta ya ɓace a nisan tafiyar haske ta shekara 70,000 daga gida. A Resolutions na 1996 cizon wani ƙwaro ya sa dole a bar ta a wata duniya tare da mataimakinta Chakotay. Ya faɗa mata abin da ke ransa a kaikaice, ta hanyar tatsuniyar da ya ƙaga, suka riƙe hannu, aka samo magani, suka koma kiran juna da muƙami. Tsohuwar dabara ce, sai dai an ƙara mata wani nauyi: 'yar wasan, Kate Mulgrew, ta sha faɗa a fili cewa ita ce ta ƙi a haɗa su, don kada mace ta farko da ta jagoranci shirin Star Trek a matsayin kyaftin ta koma abin kallo ta wannan fuska.

Amma a daidai wannan lokaci wasu sun fara karya dokar. J. Michael Straczynski ya tsara Babylon 5, daga 1994 zuwa 1998, a matsayin labari guda mai shekara biyar, shi ya rubuta kashi 92 daga cikin 110. A can, abin da ya faru ya faru. Kwamanda Susan Ivanova ta san Marcus Cole yana son ta, ta yi kamar ba ta sani ba, har 1997 da ya ba da ransa don ya cece ta. Ba maganin da ya mai da hannun agogo baya. Aka bar ta zaune a ƙasa tana kuka a kan abin da ba ta faɗa ba.

Ronald D. Moore, wanda ya koyi sana'ar a ɗakin marubutan Picard, shi ya sake gina Battlestar Galactica daga 2003 zuwa 2009. William Adama kwamandan soja ne mai ƙarancin magana, Laura Roslin shugabar farar hula ce mai fama da ciwon daji, su biyu ke riƙe da mutum wajen 50,000 da suka rage na 'yan Adam. Sun fara da gaba, har ya taɓa tsare ta a kurkuku. Ba wata na'ura da ta tona su. Shekaru ne, da littattafan da yake karanta mata a gadon asibiti. A 2008, da jirgin da take ciki ya ɓace, Adama ya miƙa ragamar runduna ga wani, ya zauna shi kaɗai a ƙaramin kumbo yana jiran ta. Abin da Picard ya ji tsoro a Lessons, watau zuciya ta rinjayi muƙami, shi Adama ya aikata da idonsa biyu, kuma shirin bai ce ya yi kuskure ba.

Picard kansa ya dawo a 2020 a shirin da ke ɗauke da sunansa, wanda aka yi don masu kallo ta intanet, masu bin labari daga farko har ƙarshe. A zango na biyu, a 2022, marubuta suka nemi bayyana dalilin da ya sa bai taɓa zama da mace ba, suka ce mahaifiyarsa ce ta kashe kanta yana yaro, shi kuma yana ganin da hannunsa a ciki. Ban ga wannan ya ƙara masa komai ba. Ya ɗauke abin da yake zaɓi ne na mutum mai sanin nauyin da ke kansa, ya mai da shi rauni da ke jiran magani. Kawaici ya koma zurfin ciki, kuma Picard na 1993 ya fi wannan girma.

Zango na uku, a 2023, shi ne ya biya bashin Attached. An bayyana cewa bayan fina-finan sun gwada zama tare sau da dama suna rabuwa, sa'an nan ta yanke hulɗa da kowa har shekara ashirin da wani abu. Dalili kuwa ta haifi ɗansa, ta sa masa suna Jack, ba ta kuma faɗa masa ba. Ranar da Picard ya tabbatar, ba kalma ko ɗaya tsakaninsu: ya dube ta, ta sunkuyar da kai. A kashi na gaba, Seventeen Seconds, wanda Jonathan Frakes ɗin dai ya ba da umarninsa shekara 30 bayan Attached, suka zauna suka yi maganar. Ta ce kullum akwai mai neman ransa, kullum kuma aiki ne a gaba, ta riga ta rasa iyaye da miji da ɗa ɗaya ga sararin samaniya, ba za ta ba da na biyu ba. Shi kuma ya ce abin da ya taɓa faɗa mata a asirce game da mahaifinsa da tsoronsa na zama uba, shi ta ɗauka ta yanke hukunci a madadinsa. Babu na'ura a ƙeyar kowa, kuma a jirgin akwai saurayi da ya haura shekara ashirin wanda aka ba shi zaɓin neman ubansa tun tuni, ya ƙi.